Kafin ka yarda "kart mer ta ƙone": yadda ake gano abin da ya lalace a kwamfutar tebur

A kewayen Petit Marché na birnin Yamai, wadda Zabarmawa ke kira Habu Ganda, kasuwanci bai tsaya ba duk da gobarar da ta ci kasuwar a shekarar 2012. Mai shagon buga takardu ko sakataren makaranta kan ɗauko akwatin kwamfutarsa a kan babur ya zo nan neman mai gyara. Jawabin da aka fi jin tsoro shi ne "kart mer ta ƙone", wato babban allon da komai ke manne da shi. Wannan magana na nufin kuɗi mai yawa, wani lokaci ma sayen wata na'ura. Amma sau da dama ciwon ba a nan yake ba, kuma akwai hanyar gane gaskiya.

Ƙa'idar masu gyara na kirki ɗaya ce: a fara da abu mai araha, a canza abu ɗaya kawai, a gwada, sannan a wuce gaba. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko na'urar ta tashi bai san wanne ne ya mutu ba, kuma mai ita ne zai biya kuɗin ukun.

Idan an danna maɓalli babu fitila, babu motsin fanka, zargi na farko yana kan wuta. A gwada wani fil da wata firiz. Bayan haka sai akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira alimantasiyon. Aikinsa shi ne karɓar kuran na bolt 220 ya mai da shi bolt 12, 5 da 3,3. Shi ne ke shan dukan ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, abin da mazauna Yamai suka sani sosai a watannin Afrilu da Mayu. Mai gyara kan auna shi da multimetir, ko ya ɗaura wani mai lafiya ya gani. A lura kuma: wasu tsofaffin kwamfutoci da aka kawo daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Idan yana kan 115 aka sa a wutar Nijar, nan take akwatin zai ƙone. Kada kowa ya buɗe cikin wannan akwati, domin yana riƙe wuta ko bayan an cire fil.

Idan fanka na juyawa amma ekaran baƙi ƙirin, a fara gwada wani ekaran da wani kabul. Sannan a saurara. Kukan "bip bip" da na'ura ke yi lokacin tashi saƙo ne, haka ma ƙyaftawar fitila a kwamfutocin HP da Dell; kowane kamfani da ma'anar nasa. Galibi a nan matsalar baret ɗin RAM ce. Ƙurar hunturu kan shiga ramin da take zaune. A kashe, a cire fil, a taɓa ƙarfen akwati, a zare baret, a goge haƙoranta, a mayar har ta yi ƙara. In guda biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Idan na'ura ta tashi lafiya, sai bayan ɗan aiki ta mutu da kanta, zafi ne abin zargi. Purosesar kan kashe kansa don kada ya ƙone. A garin da zafi ke wuce digiri 40, fanka mai cike da ƙura ko busasshen man da ake shafawa tsakanin purosesar da ƙarfen sanyaya shi ya isa ya jawo haka. Hura ƙura da sabon mai kan magance shi.

Idan kullum agogo da kwanan wata na komawa baya, ƙaramin pil ne mai kama da kwabo, CR2032 na bolt 3, ya ƙare.

Alamar da ta fi haɗari ita ce ƙarar "ƙas ƙas" daga dis dir, inda takardu da hotuna ke ajiye, ko nauyin aiki tare da saƙon cewa ba a ga dis ba. A nan a daina kunnawa da kashewa, domin kowane gwaji na iya ƙara lalata shi. A nemi kwashe bayanai tukuna. Kuma kada a yarda a yi "formate" kafin an kwafe, don shi ke shafe lissafin shago ko sakamakon ɗalibai na shekaru.

Sai an wanke duk waɗannan ne ake tuhumar kart mer. Ita ma tana da shaida: ƙananan gwangwanaye da ake kira kondansatar sun kumbura, tabon ƙuna, ko ƙin tashi ko da an ɗaura mata akwatin wuta da RAM masu lafiya.

Don haka mai kwamfuta na da haƙƙin ya tambayi mai gyara me ya gwada, ya ga na'urar ta tashi da sabon kayan a gabansa, kuma ya karɓi tsohon da aka cire. In an koma gida, regilatar ko ondilar tsakanin firiz da kwamfuta, da kwafin muhimman takardu a kan kile USB, sun fi sake hawa babur zuwa Petit Marché sauƙi.