Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Kwamfuta Idan Sabunta BIOS Ya Ci Tura

Gabatarwa

Mafi yawanmu ɗalibai da tsofaffin kwamfutoci na hannu muke buga aikin jinga da kundin digiri. A wannan maƙala zan yi bayani a kan wata matsala da ke kwantar da irin waɗannan na'urori, da hanyoyin magance ta, gwargwadon abin da na koya wajen masu gyara a Minna.

Mene ne BIOS?

BIOS wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune a cikin wani ɗan guntu a jikin madabod, wato babban allon da duk sassan kwamfuta ke haɗe da shi. Da zarar an kunna na'ura ita ke fara farkawa, ta duba sassan, sannan ta miƙa ragama ga Windows. A 1981 ne kwamfutocin IBM suka fara tafiya a kan wannan tsari.

Wajen sabunta ta, sai an goge tsohuwar kafin a rubuta sabuwa. Idan wuta ta ɗauke a tsakani, ko aka ɗora fayil ɗin wata na'ura daban, an yi biyu babu ke nan: fanka na juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin. A garinmu Gwada, duk da maƙwabtakarmu da madatsar Shiroro wadda ta fara ba da wuta a 1990, ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne, ga shi batirin tsohuwar na'ura ba ya riƙe caji.

Hanyoyin Magani

Da farko mai karatu ya kwantar da hankalinsa. Rubuce-rubucensa suna cikin rumbun ajiya ne, kuma wannan matsala ba ta taɓa su. Ko da allon ya mutu, ana iya ciro rumbun a kwashe aikin a wata na'ura.

Na biyu, a zare wayar wuta, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintoci, sannan a mayar. Wannan saiti kawai yake gogewa, amma wani lokaci a nan cutar take.

Na uku, yawancin alluna suna da wani ɓangare na BIOS da ba a cika gogewa ba, wanda aka tanada don ceto. Idan ta kamfanin AMI ce, a samo fayil ɗin da ya dace da allon, a sauya masa suna zuwa AMIBOOT.ROM, a sa a filas, ko faifan fulofi idan na'urar ta tsufa ƙwarai. Sai a danne Ctrl da Home a kunna. Ƙara huɗu alama ce aiki ya kammala. A kwamfutocin HP da dama kuwa, maɓallin Windows da B ake dannewa.

Idan duk sun faskara, sai a garzaya wurin mai gyara. Akwai wata 'yar na'ura mai araha, CH341A, da ake maƙalawa a guntun mai ƙafa takwas a sake rubuta shi kai tsaye. Saboda haka kada a yarda da sayen sabon allo kafin a jarraba wannan.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, BIOS ɗin da ke aiki lafiya a ƙyale ta. In kuwa sabuntawa ta zama dole, a tabbatar da lambar allon, a cika batir ko a jona UPS, a kuma kwafe kundi a wani wuri tukuna. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.