Ƙwallon raga: wasan da ba ya cin fili

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Samarin da ba su tafi ci-rani ba suna da lokaci da yawa. Wasu suna kokawa, wasu suna dara, wasu kuwa suna zaman shayi tun safe har dare. Akwai wani wasa da ya dace da wannan lokaci. Sunansa ƙwallon raga, ƴan lakkol suna ce masa bolebal. Ana yin sa a makarantun Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai. Amma ba na ƴan birni ba ne su kaɗai, ƙauye ma yana iyawa.

Wani malamin motsa jiki mai suna Wiliyam Mogan shi ya ƙago wasan a ƙasar Amurka a shekarar 1895. Ya so wasan da babu ture-ture a cikinsa, wanda dattijai ma za su iya yi. A 1947 aka kafa hukumarsa ta duniya a birnin Paris. A 1964 ya shiga wasannin Olamfik a Tokiyo, maza da mata duka. A Afirka, mazan Masar da Tunisiya sun yi suna, haka ma matan Kenya da Kamaru.

Filin wasan ƙarami ne. Tsawonsa metir 18, faɗinsa metir 9. Idan babu abin awo, babban takin namiji ya kusa metir guda. A raba filin biyu daidai, a kafa itace biyu a tsakiya, ɗaya a kowane gefe, a ɗaura raga. Tsayin ragar metir 2 da santimetir 43 ga maza, metir 2 da santimetir 24 ga mata. Yara a sassauto musu. In ba a sami raga ba, igiyar kaba ko ta rama ta isa, sai a rataya mata tsummoki don a riƙa ganin ta. A nemi busasshen itace, kada a sare ɗanye. A ja layi da toka. Kada a jera duwatsu ko a kafa turaku a kan layi, domin mai neman ƙwallo sama yake kallo. A share ƙaya da ƙarangiya kafin a soma.

Batun ƙwallon kansa ba ƙarami ba ne. Na raga nauyinsa giram 260 zuwa 280. Na ƙafa ya wuce giram 400. Wanda ya tari ƙwallon ƙafa da ƴan yatsu yana iya samun targaɗe. Manomi mai kumburarren yatsa ba ya riƙe hauya da kyau, makiyayi ba ya jan guga, ba ya tatsa. Saboda haka in na ƙafa kaɗai ake da shi, gara a sayi mara nauyi na roba, ko samari su haɗa kuɗi su sayo na ainihi.

Mutum shida ne a kowane ɓangare, uku a gaba, uku a baya. Ɓangare yana da taɓawa uku kafin ƙwallo ya tsallake raga. Mutum ɗaya ba ya taɓawa sau biyu a jere. Ba a kama ƙwallo, ba a jifa da shi, bugunsa ake yi. Idan ya faɗi a filin abokan gaba, an ci su. Idan ya fita waje, an ci ɓangaren da ya taɓa shi a ƙarshe. Wanda ya faɗi bisa layi yana ciki.

Yawancin sababbi duka suke so su fara koya, su yi tsalle su narka ƙwallo ƙasa jama'a su yi sowa. Wannan kuskure ne. Ɓangaren da bai iya karɓa ba, ba zai sami abin duka ba. Karɓa ita ce aikin farko. Mai karɓa ya tsaya kamar ɗan kokawa mai jiran kamu: ƙafafu a buɗe, gwiwoyi a lanƙwashe, jiki ya ɗan rusuna gaba. Ya ɗora tafin hannu ɗaya cikin ɗaya, manyan yatsu biyu su kwanta gefe da gefe. Kada ya sarƙe yatsu. Ya miƙe hannuwa sosai. Ƙwallo ya sauka tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, inda yake shimfiɗe kamar allo. Ba a wurga hannuwa sama. Ƙarfin daga ƙafafu yake zuwa, mutum ya ɗan miƙe, ƙwallo ya tashi da kansa. Kwanakin farko wurin zai yi ja, ya yi zafi. Wannan yana wucewa.

Ga yadda ake saba hannu. Mutum biyu su tsaya, taki uku tsakaninsu. Ɗaya ya jefo a hankali, ɗaya ya mayar, sau ashirin, sannan su sauya. Wanda ba shi da abokin yi ya nemi bango mai santsi, ya buga ya karɓa, yana ƙirgawa. Wanda ya kai goma yau ba tare da ƙwallo ya faɗi ba, gobe ya nemi sha biyar.

Taɓawa ta biyu ita ce ɗagawa. Mai ɗagawa ya shiga ƙarƙashin ƙwallo, ya kai hannuwa bisa goshi, ya buɗe yatsu kamar mai riƙe da ƙwaryar fura da hannu biyu. Yatsu ne suke tura ƙwallo, ba tafi ba. Ya tura shi sama kusa da raga, ba manne da ita ba. Sai na uku ya zo ya doka. Mai dama yana taku uku: hagu, dama, hagu. Ya tashi da ƙafa biyu, ya bugi ƙwallo daga sama da buɗaɗɗen hannu, ya sauka da ƙafa biyu, gwiwoyi a lanƙwashe. Kada ya taɓa raga, kada ya faɗa filin abokan gaba. A nan ne aka fi samun targaɗen idon sawu, idan wani ya sauka bisa ƙafar wani.

Bugun farko, wato sarbis, daga bayan layin ƙarshe ake yin sa. Sabo ya fara da na ƙasa. Ya sa ƙafar hagu gaba, ya riƙe ƙwallo da hannun hagu daidai ƙugu, ya sake shi, ya buge shi da gindin tafin dama. Wanda ya tsallakar da takwas cikin goma ya fi wa ɓangarensa amfani bisa mai ƙarfin da yake aika rabi cikin gonar mutane. Duk lokacin da ɓangare ya karɓo sarbis, ƴan wasansa suna juyawa. Na gaba ta dama ya koma baya ya buga, sauran su gusa wuri ɗaya. Ta haka kowa yake zagaya filin, dogo da gajere.

Abin da ya fi ba da ci a wasan ƙauye shi ne shiru. Ƙwallo ya zo tsakanin mutum biyu, kowa ya bar wa ɗan uwansa, ya faɗi ƙasa. Wanda zai karɓa ya ɗaga murya tun da wuri ya ce: «Nawa ne!» Sauran su ba shi wuri.

Lissafi yakan jawo gardama tsakanin manya da yara. Waɗanda suka yi lakkol a da sun san turmi yana ƙarewa a ci 15, kuma mai sarbis kaɗai yake samun ci. A 1998 hukumar duniya ta yanke shawarar sake wannan doka. Yanzu kowane faɗuwar ƙwallo ci ne ga ɓangare ɗaya. Turmi yana ƙarewa a 25, amma sai an yi rata da ci biyu. Wanda ya riga cin turmi uku shi ya yi nasara. In an yi biyu da biyu, na biyar a 15 yake tsayawa. Dokar yanzu ta yarda a tare ƙwallo da kowane sashe na jiki, har da ƙafa. A zaɓi alƙali ɗaya, a faɗi doka a gaban kowa kafin bugun farko.

Lokacin da ya fi shi ne bayan la'asar, rana ta yi sanyi. A ɗan zagaya fili da gudu, a murza yatsu da wuyan hannu da idon sawu kafin a fara. A ajiye tulun ruwa a inuwa. Ƴan mata ma a ba su ranarsu, a sauko musu da raga. Bayan wasa a kwance ragar saboda awaki, a kai ƙwallo ɗaka, domin rana tana busar da fatarsa har ta tsage.