Hanyar Sama a Cikin Falo: Yadda Ake Gina Gida Don Kyanwar da Ba Ta Fita Waje

A Amurka, Japan da Ostareliya, miliyoyin kyanwoyi na rayuwa a cikin gida ba tare da fita waje ba. Masu su na tsoron mota da cututtuka, hukumomi kuma na duba ɓarnar da suke yi wa namun daji. Wani bincike da mujallar Nature Communications ta wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa kyanwoyi na kashe tsuntsaye biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 duk shekara a Amurka. A Canberra, babban birnin Ostareliya, doka ta tilasta killace duk kyanwar da aka haifa daga 1 ga Yuli, 2022.

Sai dai zaman kulle ma yana da tasa illar. Kyanwar gida jikar kyanwar daji ce, mafarauciyar da ta saba hawa sama, ɓuya da laɓe. Idan aka bar ta a ɗakin da babu abin yi sai ci da barci, ƙiba na kama ta, ta dinga yagar kushin, ko ta koma yin fitsari a inda bai dace ba. Farfesa Tony Buffington na Jami'ar Jihar Ohio ya yi shekaru yana nazarin ciwon mafitsarar da ke addabar kyanwoyin ɗaki, ya kuma nuna cewa damuwa na da hannu a ciki, gyara muhalli kuwa na rage dawowarsa.

Sama ta fi faɗin ƙasa

A 2013, ƙungiyoyin likitocin kyanwa na AAFP da ISFM sun fitar da ginshiƙai biyar: maɓoya mai aminci, raba wuraren ci, sha da bahaya, damar wasa da farauta, kyakkyawar mu'amala da mutane, da kuma kula da ƙarfin jin ƙanshinta. Akasarinsu aikin kafinta ne.

Kyanwa ba da faɗin ƙasa kaɗai take auna ɗaki ba, har da tsayinsa. Tun shekarun baya, Bob Walker da Frances Mooney suka kewaye gidansu na San Diego da hanyoyin katako kusa da silin, suka huda bango don kyanwoyi su riƙa wucewa daga ɗaki zuwa ɗaki. Littafin Walker, The Cats' House, ya fito a 1996. Daga baya Jackson Galaxy na shirin My Cat from Hell da Kate Benjamin suka yaɗa tsarin da littafinsu Catification a 2014. Dabarar ita ce a jera kantoci, saman kabad da gadoji yadda kyanwa za ta zagaye falo ba tare da ta sauko ba. A Japan, inda yawan kyanwoyin gida ya zarce na karnuka a 2017, kamfanonin gine-gine irin su Asahi Kasei Homes na sanya irin waɗannan hanyoyi tun a zanen gida.

Abin da kafinta zai kiyaye

Kowace hanya ta zama tana da mahawa da masauka aƙalla biyu. A gidan da ke da kyanwa fiye da ɗaya, hanya mai ƙofa ɗaya tarko ce, domin babba zai tare ƙarami, faɗa ya tashi. A ɗaure kanta da sukuru a cikin bulo ko katakon da ke cikin bango, saboda nauyin kyanwar da ta diro ya fi na wadda ke zaune. A shimfiɗa kafet kada ta zame, a kuma matso da matakala kusa da juna idan tsohuwa ce mai ciwon gaɓoɓi.

Ginshiƙin da aka naɗe da igiyar sisal yana ceton kushin, matuƙar ya kai tsayin da za ta miƙe sosai, kuma ba ya girgiza. Mazauni a bakin taga na ba ta abin kallo, amma dole a sa raga mai ƙarfi, domin faɗowar kyanwa daga bene abu ne da likitocin dabbobi a New York suka daɗe suna gani.

Ina na'urori suka shigo?

Na'ura na taimakawa ne idan an tanadar mata wuri tun farko. SureFeed, mazubin abinci da ke karanta ƙaramin cip ɗin da ke ƙarƙashin fatar kyanwa, ba ya buɗewa sai ga mai shi, don haka mai haɗama ba za ta cinye rabon 'yar'uwarta ba. Litter-Robot 4 na tace yashin bahaya da kansa, yana auna nauyin kyanwa, ya tura bayani zuwa manhajar waya. Idan za a ɓoye shi cikin kabad, a bar masa soket da hanyar iska. Ko da shi, ƙa'idar likitoci ba ta canza ba: akwatin bahaya ɗaya ga kowace kyanwa, a ƙara ɗaya. Wayoyin wuta kuwa a bi da su cikin bututu, saboda wasu kyanwoyin na tauna su.

Kyamarori irin su Petcube na ba mutum damar kunna hasken leza daga ofis. Matsalar ita ce haske ba ya kamuwa, don haka ake shawartar a ƙarasa wasan da abin da za ta cafke da farata.

Tsada ba ita ce ma'auni ba. A 2014, masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun gano cewa kyanwoyin da aka kawo gidan kula da dabbobi, aka ba su akwatin ɓuya, sun fi saurin samun natsuwa a kan waɗanda ba a ba su ba. Duk mai shirin sayen na'ura, ya fara da kwali ɗaya da kanta biyu a bango, ya lura da inda kyanwar ta fi son zama, sannan ya kira kafinta.