Shirin Musamman: Wutar Rana da Hayaƙin Gurup a Maraɗi

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau za mu auna wuta biyu a sikeli guda: wadda ake samu daga fanon rana, da wadda ake samu ta hanyar ƙona gazuwal, ko gas, ko gawayin ƙasa. Wacce ta fi zuba iskar kabon a sama, kuma da nawa ta fi?

Iskar kabon, wadda masana ke kira kabon dayoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Baƙin hayaƙin da kuke gani yana tashi bayan gurup, wato janareta, toka ce da ragowar man da bai ƙone ba. Ita iskar kabon tana tafiya tare da shi, ido bai ganinta. In ta hau sama takan daɗe ƙwarai, tana tare zafin da ya kamata ya fita daga duniya. Tarinta ne ke ƙara ɗumamar yanayi, yake dagula damina. Mu da muka ga ambaliyar 2024 ta rushe gidaje a garin nan, maganar ba baƙuwa ba ce gare mu.

Daga ina wutarmu take zuwa? Babban layin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina ya taso, ya shigo ta Gazawa. Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya ake sayo ta, kuma mafi yawan wutar Najeriya gas ake ƙonawa a same ta, sauran daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. A farkon watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka datse layin saboda takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ba a maido shi ba sai a 2024. Kowa ya tuna watannin nan. Tela, da mai walda, da mai ƙanƙara, da mai cajin waya, duk wanda ke da hali ya nemi gurup. Rugugin injin ya cika kasuwa, warin mai ya cika lunguna.

(Kiɗa kaɗan)

To, ga awon. A 2014 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tattara bincike mai yawa, ya lissafa iskar kabon da kowace hanyar samar da wuta ke fitarwa, tun daga haƙo ma'adinai da ƙera kayan aiki har ranar da za a yar da su. A kowane kilowat guda na awa ɗaya, gawayin ƙasa, irin wanda kamfanin SONICHAR ke ƙonawa a Cirozerin kusa da Agadas, yana fitar da wajen giram 820. Gas, a tashoshin zamani, giram 490. Babbar tashar hasken rana giram 48, fanon da ke kan rufin gida kuwa giram 41.

Mu sauko da lissafin gida. A ɗauka maigida yana cin kilowat 100 a wata. In da gawayi aka yi wutar, ya tura kilo 82 sama, ya kusa cika buhun gero. In da gas ne, rabin buhu. In da rana ce, bai wuce tiya biyu ba.

Amma a Maraɗi ba gawayi ne ke gogayya da fano ba. Gurup ne, da injin ban ruwa. Lita ɗaya ta gazuwal in ta ƙone tana ba da iskar kabon sama da kilo biyu da rabi. Litar esansi wajen kilo biyu da giram 300. Wani zai ce, ta yaya litar da ba ta kai kilo guda ba za ta haifi kilo biyu? Dalili shi ne, kabon ɗin da ke cikin mai yana haɗuwa da iskar oksijin da injin ke zuƙa, nauyin biyun ne ke fita ta bututu. Gurup mai gazuwal yakan ba da wajen kilowat uku a lita, ka ga kenan yana kafaɗa da kafaɗa da gawayi. Ƙaramin nan mai esansi da ake ɗaurewa da sarƙa a ƙofar shago ya fi shi muni, don yawancin man da yake sha zafi da ƙara yake zama.

Ku je fadamar Gulbin Maraɗi wajen Tibiri da rani, da sassafe. Za ku tarar da mai lambu ya durƙusa gaban injin, jarka a gefe, yana jan igiya har ya tashi, ruwa ya fara bin magudana yana shiga fangalin albasa da tumatir. In yana ƙona lita uku a yini, ya yi kwana ɗari yana ban ruwa, ya fitar da kusan kilo 700 a kaka guda, kuma kowace lita daga aljihunsa ta fita tun kafin ya ga kuɗin amfanin. A Jiratawa, inda aka gina filin noman rani na hukumar ONAHA tun farkon shekarun 1980, famfunan lantarki ke jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse. In wuta ta ɗauke, zogale ya sha rana, in ta zo, takardar kuɗinta tana jiran manoma. Abin lura shi ne, lokacin da shuka ta fi jin ƙishi, lokacin ne fano ya fi ba da ƙarfi. Famfon rana bai ma buƙatar batir: a cika tanki da rana, a sha da yamma.

(Kiɗa)

Giram 48 ɗin nan da muka ambata, daga ina ya fito, tunda fano bai yin hayaƙi? Daga masana'anta. Ana narka yashi mai tsabta a zafi mai tsanani a fitar da silikon, a haɗa da gilashi da alminiyom, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na wannan aiki a ƙasar Sin ake yinsa, inda gawayi ke ba da yawancin wuta. Fano yana iso mana da bashi a wuyansa. Sai dai a ƙasa mai rana kamar tamu, cikin shekara ɗaya zuwa biyu yakan maido da makamashin da aka kashe wajen ƙera shi, alhali mai kyau yana aiki shekara 25 ko fiye.

A nan ne abin ke damuna. Wannan lissafi yana tsayawa ne in kayan sun daɗe. Fanon jabu da ya mutu cikin shekara uku, da batirin dalma da zafin watan Afrilu ya kashe cikin shekara biyu, suna ɓata awon. Ƙurar hunturu ma in ta lulluɓe gilashin aka bar ta, wuta ta ragu. Mataccen batir kuwa, don Allah kada a fasa shi a tsakar gida, kada a bar yara su yi wasa da shi. Dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Haka gurup: ban da iskar da muke magana, yana fitar da wata, kabon monoksaid, wadda ke kashe mutum yana barci. Kada a kwana da shi cikin ɗaki ko zaure rufaffe.

Akwai mai cewa, mu me muka ɓata? Yana da gaskiya. Ɗan Nijar bai wuce kilo 100 da ɗan abu ba a shekara, Ba'amurke kuwa tan 14 ko fiye, kuma har yanzu wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a ƙasar nan. Ba wanda ke da bakin hana mu wuta. Amma tunda yanzu ne muke gina tamu, mun samu damar zaɓe, kuma hanyar da ta fi tsabta ita ce wadda ba a iya datse mana daga wata ƙasa.

Tunanin ma ba na aro ba ne. Farfesa Abdu Mumuni Diyofo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, cikin jiharmu. Ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana da aka kafa a 1965, ya ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da rana tun duniya ba ta damu da zancen ba, ya rasu a 1991. Bayansa an buɗe tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, sai ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023. An kuma tsara wa Maraɗi tata tashar cikin shirin RANAA da Bankin Raya Afirka ya amince da shi a 2022.

Kiranmu ga hukumomi shi ne su tsaya a kan wannan alkawari, su kuma sa ido a kan ingancin kayan da ke shigowa kasuwa. Ƙungiyoyin manoma na Tibiri da Jiratawa, ku haɗa kuɗi ku nemi famfon rana mai takardar garanti. Ɗalibanmu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo, muna buƙatar masu gyara da suka san aikin. Kai kuma maigida mai fano a rufi, gobe da safe kafin rana ta yi zafi, a hau a share shi da tsumma mai laushi.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)