Yadda 'yan damfara ke tatsar mutane da sammacin kamu na bogi a Amurka

Lambar da ke fitowa a fuskar wayar ta ofishin 'yan sandan yankin ce. Mai kiran ya san sunan mutum da adireshinsa, kuma yakan ambaci sunan wani alƙali na gaske. Sai ya ce kotu ta ba da sammacin kama shi, amma idan ya biya tara nan take za a soke.

Wannan na cikin salon damfarar da hukumomin Amurka suka daɗe suna gargaɗi a kai. Hukumar kare masu sayayya ta FTC ta ce a 2024 mutane sun kai rahoton asarar dala miliyan 789 ga masu yin sojan gona da sunan hukumomin gwamnati.

Yadda suke ɗana tarkon

Da manhajar kwamfuta suke sauya lambar da ke fitowa, don haka ganin lambar hukuma ba hujja ba ce. Wasu har sukan turo hoton takarda mai tambarin kotu.

Zargin da suka fi yi shi ne mutum ya ƙi amsa kiran zama cikin masu taimaka wa alƙali yanke hukunci. Amma 'yan ƙasa ne kawai ke wannan aiki a kotunan tarayya. Baƙi kuwa, akan razana su da cewa jami'an shige da fice za su tasa ƙeyarsu zuwa gida.

Tsoro shi ne jarinsu. Shi ya sa suke hana mutum kashe waya ko shawartar iyalinsa.

Alamar da ke tona asirinsu

Jami'in gaskiya ba ya karɓar kuɗi ta waya domin soke sammaci. Duk wanda ya nemi a biya da katin kyauta na kantuna, ko a zuba kuɗi a na'urar Bitcoin, ɗan damfara ne.

Abin yi shi ne a kashe wayar, a nemo lambar kotun daga shafinta na intanet, a tambayi magatakarda. Kada a ba kowa lambar Social Security ko bayanan banki.

Wanda ya riga ya biya ya gaggauta sanar da bankinsa ko kamfanin katin, sannan ya kai rahoto ga FTC ko cibiyar IC3 ta hukumar FBI. Jinkiri saboda kunya yana rage damar dawo da kuɗin.