Jan tabon haihuwa: abin da hasken leza ke iyawa

Cikin jarirai 1000, kimanin 3 na zuwa duniya da jan tabo a fata, galibi a fuska, irin na goshin marigayi Gorbacof, tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet. Ba laifin uwa ba ne. Ƙananan jijiyoyin jini ne suka buɗe fiye da kima, kuma tabon ba ya ɓacewa da kansa.

A 1983 ne Anderson da Parrish, masu bincike a Amurka, suka bayyana yadda jini ke shan hasken leza, zafinsa ya toshe jijiyar ba tare da ƙona fata ba. Akan maimaita aikin sau da dama. Tabon ya dushe, amma da wuya ya gushe sarai.

Ga baƙar fata sai an yi hattara, domin ita ma tana shan hasken, tana iya ƙonewa ko ta yi dabbare-dabbare. Sai dai ƙwararren likitan fata.

In kuwa tabon na goshi ko fatar ido, iyaye su gaggauta kai yaro likita: yakan zo tare da hawan ruwan ido ko farfaɗiya.