Gidan Bikin da Ke Yawo a Kan Teku

Ranar da aka tashi daga bikin 'yar yayata a Hanwa, an kai amarya, mata suna naɗe tabarmi, masu haya suna ƙirga kujerun roba suna cewa biyu sun ɓace, muka zauna a ƙofar gida ni da Kawu da wani ƙanena da ke karatu a Samaru. Kowa ya gaji liƙis. Sai yaron ya miƙa wa Kawu waya. Kawu ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan otal ɗin a wane gari yake?"

"Ba otal ba ne, Kawu, jirgin ruwa ne."

"To ina za shi?"

"Babu inda za shi. Yakan tashi daga Miami ranar Asabar, ya zaga tsibirai, wata Asabar ya dawo Miami."

Kawu ya mayar masa da wayarsa, ya ce, "Ashe biki ne."

Mun yi dariya a lokacin, amma da na zauna na bi labarin jirgin, ban sami bayanin da ya fi na Kawu ba. Sunansa Icon of the Seas, na kamfanin Royal Caribbean. A Turku ta ƙasar Finland aka ƙera shi, ya fara ɗaukar fasinja a watan Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, wato filin ƙwallo uku a jere da ɗoriya, hawa 20. In ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ga ma'aikata 2,350. Titanic da muka gani a fim muna jinjina kai, mita 269 ne kawai. Mu mutanen Hanwa ba mu da ma'aunin irin wannan abu. Ruwanmu Kubanni ne, wanda da rani yaro kan tsallake shi a wasu wuraren bai jiƙa wando ba, teku mafi kusa kuwa sai an kwana a mota zuwa Legas. Jirgin da muka saba gani shi ne na 'yan Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, masu shawagi a kanmu. Su ma inda suka tashi nan suke sauka, amma su koyo suke yi.

Duk wanda ya taɓa riƙe hidimar biki ya san ba amarya ce ke hana uwar biki barci ba, ruwa ne. Kwana uku muka yi 'yan ga-ruwa suna shigo da kura suna fita, jarka tana ƙarewa tun ba a sauke ta uku ba, ga wanki, ga wanke-wanke, ga alwalar baƙi. Famfon gidan yana nan a tsakar gida, yara suna rataya tsumma a kansa. Shi jirgin yana zaune a kan ruwan da ba ya shawuwa, gishiri ne zalla, amma kusan mutum dubu goma suna wanka safe da yamma. Ruwan tekun suke zuƙowa, su matsa shi da ƙarfi ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofi da gishiri ba ya iya ratsawa, ko kuma su dafa shi da zafin injin su tara tururin. Daga nan ake cika wuraren ninƙaya bakwai, da wasu dogayen bututu shida da manya da yara ke sulalowa ta ciki suna ihu. Ni dai sulun bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutum ya murɗa famfo a tsakiyar teku ruwa ya zo, ni kuma ina kan tudu, a garin da ke da madatsar ruwa, ina jiran mai kura.

Wuta ma haka. Mu janareta muka ɗauko haya, ana tsaka da kamu ya yi tari ya mutu, mai kiɗa ya tsaya da makirufo a hannu. Jirgin injuna shida gare shi masu shan iskar gas da aka sanyaya ta koma ruwa. Aikinsu samar da lantarki, lantarkin ne ke juya farfelar da ke tura jirgin, shi ne kuma ke kunna murhun girki da na'urar sanyaya ɗaki da filin ƙanƙara da ake wasan zamiya a kansa. A ƙarƙashin ruwa akwai wasu fukafukai kamar na kifi da ke fitowa daga gefensa su rage tangaɗi, don kada miya ta zube a kwano.

Gidan biki kowa baƙo ne, amma ba kowa ne baƙon falo ba. Akwai waɗanda ake shigarwa ɗakin uwargida a kunna musu fanka a kawo kaza a kula ta musamman, akwai na tabarmar tsakar gida, akwai na rumfar waje da rana ke bi tana kora. Ba wanda ya rubuta wannan tsari, amma ba mai kuskure wurinsa. A jirgi rubuta shi aka yi, da farashi. Mafi araha shi ne ɗakin ciki, marar taga, wanda in ka kashe fitila ba ka san dare ba ka san rana. Sai mai taga, sai mai baranda da za ka zauna kana kallon ruwa, sai manyan ɗakuna na sama masu wurin cin abinci da wurin wanka nasu na daban, inda katin ɗan ɗakin ciki ba ya buɗe ƙofa. An raba jirgin unguwa-unguwa har takwas, da ta masu ƙananan yara, da wadda ba a shiga da yaro sam, da wani lambu a tsakiya mai itatuwa na gaske, ba na roba ba.

Katin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ne makullin ɗakinka, shi ne shaidarka in za ka sauka ko za ka hau, shi ne kuma aljihunka, domin ba a kashe tsabar kuɗi a cikin jirgin. Duk wanda ke da littafi a wurin mai shagon unguwa ya san hatsarin kalmar nan "rubuta". Sukari, rubuta. Madara, rubuta. Ba ka jin zafin komai sai ƙarshen wata. An ce maka abinci yana cikin kuɗin tikiti, kuma gaskiya ne: akwai babban zauren da ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa, tun safe har dare, ba mai harararka in ka koma karo na uku. Amma gidan abinci na musamman da kuɗinsa, intanet da kuɗinsa, tausa da kuɗinta, yawon gari in an tsaya a tsibiri da kuɗinsa, ga tukuicin ma'aikata da ake ɗora maka kullum, ga gidan caca da ke buɗewa da zarar jirgi ya yi nisa da gaɓa. Shinkafar biki ma kyauta ce. Tambayi matar da ta yi anko kala biyu, ta kai gudunmawa, ta yi liƙi, nawa ta ci shinkafar.

Inna ce ta fito da tsintsiya ta tarar muna maganar, ta leƙa wayar, ta yi tambayar da mu maza ba mu yi ba: "Wa ke wanke musu tukwane?"

Lallai ita ta san inda biki yake. Baƙo yana ganin waina da miyar taushe a gabansa, bai ga matan da suka tashi tun kiran assalatu suna hura itace a bayan gida ba, idanu jajur, zani ya sha toka, waɗanda sai kowa ya watse suke zama su ci ƙanzo. Mutum 2,350 ɗin nan su ne matan bayan gida. Da yawansu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, sukan sa hannu a kwantiragin wata shida zuwa tara, kuma a tsawon wannan lokaci babu ranar hutu, aikin awa goma ko fiye a yini ba abin mamaki ba ne. Ɗakunansu suna can hawan ƙasa, mutum biyu a ɗaki, gado kan gado, da nasu hanyoyin da fasinja ba ya bi. Bambancinsu da matan bayan gidanmu shi ne ana biyansu, kuma da kuɗin ake gina gidaje a ƙauyukansu. Matanmu kuwa biki bashi ne, yau kin yi wa wata, gobe a yi miki. Sai dai namu bikin kwana uku ne a huta. Nasu, Asabar da safe baƙi dubbai su sauka, a canza zannuwan gado, kafin la'asar wasu dubban sun hau. Kamfanin a Miami yake zaune, amma jirgin tutar Bahamas yake ɗauke da ita, kamar motar haya da ke lodi a Kwangila da lambar wata jiha. Mai ita ya san dalilinsa, haraji da dokokin ƙwadago sun fi sauƙi a can.

Abin da ya sa Kawu ya tambaya "ina za shi" shi ne, a wurin Bahaushe tafiya tana da kai: fatauci, neman ilimi, zumunci ko aikin hajji. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya hau jirgin ruwa a 1921, ya bi ta Ingila ya wuce Makka. Daga 1951 zuwa 1974 jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster yana zirga-zirga tsakanin Legas da Ingila, tafiyar kusan mako biyu, ɗauke da ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa. Shi ma yana da wurin ninƙaya da zauren cin abinci na alfarma, amma kowa a cikinsa akwai inda za shi. Da jirgin sama ya ƙwace fasinjojin, sai masu jiragen ruwa suka koma sayar da zaman cikin jirgin kansa.

Wuri ɗaya ne kwatancen Kawu ya gaza. In biki ya ɓaci, ko faɗa ya kaure, ko hadari ya taso, sai ka nemi takalminka ka tare Keke Napep ka koma gida. A teku babu wannan. Shi ya sa kafin jirgi ya tashi dole a nuna wa kowane fasinja inda zai taru da yadda ake ɗaura rigar ceto, dokar da aka ƙara tsanantawa bayan jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. A Fabrairun 2020 kuma aka tsare jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum kusan 3,700, cutar korona ta kama fiye da 700. Masu baranda suna shan iska, 'yan ɗakin ciki suna kallon bango. Wanda ya taɓa ganin yadda ciwon ido ke zaga gidan biki ba zai yi mamaki ba.

Ƙanena ya ga Kawu ya fara gyangyaɗi, sai ya ce ai Saudiyya ma tana da nata jirgin. Sunansa Aroya, ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024 yana zaga Bahar Maliya, babu giya, babu caca, abinci na halal, da wurin salla a ciki. Nan take Kawu ya wartsake.

"Daga Jidda ka ce? To wannan da dama-dama, in an sauka sai mutum ya wuce ya yi Umara." Ya yi shiru kaɗan, yana jan carbi. "Amma tsaya. In liman ya tayar da kabbara, direba kuma ya karya kwana, ina alƙibla ta koma?"

Yaron ya ce bari ya duba a waya. Inna ta ce ya duba daga baya, yanzu ya tashi ya nemo kujerun mutane guda biyu.